Kujerar da ba ta da ƙafar baya, da wadda aka yi wa Sarkin Sifen

Akwai wani mai walda a bakin layinmu da nake yawan tsayawa wajensa in na taso daga aiki, ranar nan na tarar ya samu kwangilar kujeru, yana ta fama da fayif ɗin ƙarfe. Sai na ga ya toshe bakin fayif ɗin da guntun katako, ya ɗura masa yashi har ya cika taf, ya toshe ɗaya bakin, sannan ya gasa shi ya tanƙwara a jikin tsohon wilin mota. Na ce Malam wannan yashin fa? Ya ce ai Yallaɓai in ba ka cika cikinsa ba wurin lanƙwasar lotsewa zai yi, kuma duk fayif ɗin da ya lotse to nan zai karye. Kujerar da yake yi irin wadda duk mun sani ce, ta ofis da asibiti da banki, wadda ba ta da ƙafafun baya, fayif ɗaya ne ya taso daga ƙasa ya yi gaba ya hau sama ya dawo baya ya zama mazauni, in ka zauna ka ji tana ɗan lilo da kai. Shi kujerar ofis yake ce mata. To wallahi wannan kujerar sai da aka je har kotun ƙoli ta Jamus a kanta, kuma labarinta da na 'yan uwanta ya daɗe yana cin raina, shi ya sa na ce bari yau na zauna na warware shi.

Abun da ya kamata a fara ganewa shi ne menene ma baje kolin duniya a wancan zamanin. Ba kamar tiredifiya ɗin da muka saba ba ne inda za ka je ka sayo bokiti da atamfa. Lokacin babu talabijin babu intanet, in ƙasa tana son duniya ta san ta isa to sai ta gina rumfa a baje koli ta zuba abun da take taƙama da shi. Na farko babba shi ne na Landan a 1851, a cikin wani katafaren gini na gilashi da ƙarfe da Joseph Paxton ya tsara a Hyde Park, mutum wajen miliyan 6 suka shiga. Kuma abun akwai mulkin mallaka a cikinsa tsundum, don a baje kolin daular Birtaniya na Wembley a 1924 har ganuwa irin ta biranenmu aka gina aka kai masu sana'a daga Najeriya suna aiki ana kallonsu. Kenan duk kujerar da aka ajiye a irin wannan wuri magana ce ƙasa take yi da ita.

Kayan ɗakin da suka cika baje kolin 1851 kuwa, kai, sai ka gani. Kabad da an sassaƙa masa barewa da inabi da mala'iku, kujera mai ƙafar zaki, gado kamar hubbare, komai nauyi komai ado a kan ado. Injina sun fara yawa, to sai masu masana'anta suka sa inji yana kwaikwayon sassaƙar hannu don kaya su yi kama da na fada. A cikin wannan hayaniyar ne wani kafinta Bajamushe mai suna Michael Thonet, haifaffen Boppard da ya koma Biyena ta Ostiriya, ya kawo kayansa na lanƙwasasshen katako ya samu lambar tagulla. Ni a wajena daga nan labarin ya fara, ko da yake yawanci in ana zancen kujerun zamani daga shekarun 1920 ake farowa.

Dabararsa tana da sauƙin faɗa amma ta ci masa shekaru. A samu sandar katakon bishiyar da suke ce wa beech, a sa ta a tukunyar tururi har ta yi laushi, a ɗaura mata zirin ƙarfe ta bayan inda za a lanƙwasa don kada ta tsage, a tanƙwara ta a cikin mazubin ƙarfe a ɗaure, a bar ta ta bushe, in ta bushe shikenan ta zauna a haka har abada. Kun ga dai kusan tunani ɗaya ne da yashin mai waldanmu, wato ka san inda abu zai karye ka tare shi tun kafin ya karye. A 1859 ya fitar da kujera mai lamba 14, katako guda 6, sukuru 10, noti 2, sai mazauni na saƙa. Ba gam ba sassaƙa. Kuma ga inda kan mutumin ya yi aiki sosai: ba a haɗe ake tura ta ba, a warware ake zubawa, kujera 36 a akwati ɗaya mai mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, in ta isa Amurka ta Kudu ko ina ne sai a ɗaure ta a can. Ta ci lambar zinare a baje kolin Faris na 1867, kuma ana ƙiyasta zuwa 1930 an sayar da wajen miliyan 50. Gidajen shan gahawa na Biyena duk ita ce. Ma'aikacin da bai taɓa koyon kafinta ba zai iya aiki a masana'antar, don kowa abu ɗaya yake maimaitawa.

To ku riƙe wannan a ranku, mu tsallaka zuwa Faris 1925, baje kolin kayan ƙawa da masana'antu na zamani, wanda daga sunansa ne aka samo kalmar Art Deco daga baya. Faransa ta shirya shi ne don ta nuna har yanzu ita ce uwar kwalliya bayan yaƙin duniya na ɗaya. Jamus ba ta halarta ba, Amurka ma ba ta zo ba. Tauraron wurin shi ne Émile-Jacques Ruhlmann, mai yin kabad da tebur da baƙin katakon Macassar, dangin kanyarmu ne, yana yi musu ado da hauren giwa, kaya masu kyau na gaske ba ƙarya, amma guda ɗaya sai attajiri, kuma kayan aikin da yawansu daga ƙasashen da aka mallaka ake kwaso su.

A can gefe guda kuma aka ba wa mai zanen gine-gine Le Corbusier da ɗan uwansa Pierre Jeanneret wani lungu, suka gina rumfar da suka kira ta sabon ruhi, L'Esprit Nouveau. Gida ne kamar akwati, fari, ba ado ko ɗaya, har da bishiyar da suka tarar a wurin suka bar ta ta ratsa ta rufin. Masu shirya bikin abun ya ɓata musu rai har suka sa aka kewaye rumfar da shinge mai tsawon wajen mita 6 don kada a gani, sai da minista ya sa baki aka cire. Me ke ciki da ya jawo haka? Kabad-kabad masu kusurwa huɗu da ake jerawa su raba ɗaki, da kujerun Thonet na lanƙwasasshen katako, irin waɗanda ake zama a kansu a shagon shayi. Wato a bikin da aka shirya don nuna gwanintar masu ƙawa, mutumin ya je ya sayo kujerar kasuwa ya ajiye yana cewa wannan ta fi. Shi a ganinsa gida inji ne na zama a ciki, kujera kuma inji ce ta zama a kai, kuma bayan yaƙin da ya bar miliyoyin mutane a cunkushe a ƙananan ɗakuna marasa iska ga tarin fuka yana kashe mutane, kayan ɗaki masu tara ƙura da cinye fili ba su da wurin zama. Wannan hujjar ni na yarda da ita ɗari bisa ɗari, duk wanda ya taɓa zama a ɗaki ɗaya da iyali ya san darajar kujerar da za ka ɗaga da hannu ɗaya ka share ƙarƙashinta.

A shekarar dai, a Jamus, makarantar koyon zane da ƙira ta Bauhaus da Walter Gropius ya kafa a Weimar a 1919 ta koma Dessau. Akwai wani saurayi ɗan Hangari a cikinta, Marcel Breuer, shekararsa 23, ya sayi keke ƙirar Adler yana yawo da shi, sai ya tsaya yana kallon kan keken, ya ce wannan bututun ƙarfen ga rashin nauyi ga ƙarfi ga shi an lanƙwasa shi yadda ake so, me zai hana a yi kujera da shi. Kamfanin keken ba su kula shi ba. Ya samo bututun da ba shi da ɗinki daga kamfanin Mannesmann, wanda shi ne sirrin, don mai ɗinki in ka tanƙwara shi buɗewa yake, ya nemi mai aikin famfo ya taya shi, suka fitar da kujerar da aka kira B3. Ka ɗauki katuwar kushin ta falo ka cire soso da katako da yadi duka, ka bar layin jikinta kawai da ƙarfe, ka ɗaura zirin ƙyalle mai ƙarfi inda baya da cinya da hannu za su taɓa, to ita ce. Sunan Wassily da aka san ta da shi yanzu wani kamfanin Italiya ne ya laƙaba mata a shekarun 1960, saboda mai zane Wassily Kandinsky da ya koyar a makarantar ya so ta.

Ita kuma ta mai waldanmu, marar ƙafar baya, wani ɗan Holan ne Mart Stam ya fara haɗa ta a 1926 da fayif ɗin gas da gwiwoyin da masu famfo ke haɗa fayif da su. Ya nuna zanen a wani zama da aka yi a Stuttgart ana shirin baje kolin gidaje na Weissenhof, kuma mai zanen gine-gine Ludwig Mies van der Rohe da ke jagorantar shirin yana wurin. Da aka buɗe a 1927 sai ga kujeru biyu marasa ƙafar baya, ta Stam a sandare take ba ta motsi, ta Mies kuma gabanta ya yi rabin da'ira, ƙarfen yana da danƙo, in ka zauna ta ɗan sauka da kai ta dawo. Breuer ma ya fito da tasa a 1928 mai mazaunin saƙa. Daga nan rigima ta tashi tsakanin kamfanoni kan wa ke da haƙƙi, aka yi ta shari'a har 1932 kotun ƙoli ta ba wa Stam haƙƙin ƙirar. Gaskiya in ka duba da kyau kowannensu ya ɗora wani abu, Breuer ya kawo bututun, Stam ya cire ƙafafun baya, Mies ya gane ƙarfen da kansa zai iya yin aikin sifirin. Kuma kamfanin da ya ƙare yana buga yawancinsu wane ne? Thonet dai, wanda wancan kafintan ya kafa.

Yanzu mu zo inda ni abun yake dame ni, baje kolin Basalona ta Sifen a 1929. Shekara 10 kenan da yarjejeniyar Versailles da aka ƙulla bayan yaƙin duniya na ɗaya, Jamus tana son ta nuna wa duniya ta canza, ba ƙasar sojoji da sarki Kaiser ba ce kuma, jamhuriya ce mai zaman lafiya. Aka ba wa Mies da abokiyar aikinsa Lilly Reich aikin ɓangaren Jamus. Rumfar da aka gina a gindin tudun Montjuïc ba a baje komai a cikinta ba, ba inji ba haja, ginin shi ne abun kallon. Rufi shimfiɗaɗɗe a kan siraran ginshiƙai 8 masu ƙyalli, bangaye na gilashi da koren marmara da ba su haɗu da juna ba sai dai ka bi ta tsakaninsu, kududdufai biyu, mutum-mutumin mace na Georg Kolbe a tsaye cikin ruwa, sannan a tsakiya wani bango na dutsen onis mai ruwan zuma da aka kawo daga tsaunukan Atlas a arewacin Afirka. Baƙin kafet, jan labule, bango mai ruwan zinare, kalolin tutar Jamus kenan ba tare da an kafa tuta a ɗakin ba.

A gaban wannan bangon aka ajiye kujerun da yanzu duniya ta sani da kujerar Basalona, kuma an yi su ne saboda Sarkin Sifen Alfonso na 13 da sarauniya da za su zo buɗe rumfar a watan Mayu. In ka kalle ta ta gefe ƙarfe biyu ne falle-falle suka gitta juna, ɗaya ya taso daga ƙafar gaba ya zama majingina, ɗaya ya yi lanƙwasa biyu ya ɗauki mazauni, sai zirin fata da aka ɗaura, sai kushin biyu na farar fata mai maɓallai. Wannan gittawar ba sabuwa ba ce, daga kujerar naɗewa aka samo ta, irin ta manyan Rum da ta fir'aunonin Masar, kujerar masu mulki. Karaga ce aka yi, kawai dai an tuɓe mata rawani da alkyabba.

Kuma ga abun da ba a cika faɗa ba, kujerar nan kamannin aikin inji kawai gare ta. Ƙarfen mai kauri ne mai nauyi, wurin da suka gitta sai an yi walda an zauna an goge da hannu an goge har ɗinkin ya ɓace, kushin ɗin kuma ƙananan fatu ne murabba'i ake yankawa a ɗinke ɗaya bayan ɗaya, aikin dukawa ne sosai, duk wanda ya taɓa zama wajen baduku yana ɗinka tintimi ya san irin lokacin da wannan ke ci. Don haka tun ranar farko ba ta yi arha ba kuma ba za ta taɓa yi ba. Mies ya sake mata ƙira a 1950 da ƙarfen da ba ya tsatsa, kamfanin Knoll na Amurka ya karɓi yin ta a 1953, yau ta asali dala dubbai ce, wurin zamanta harabar manyan bankuna da ofisoshin lauyoyi. Mutanen da suka fito suna cewa za su yi wa ma'aikaci kayan ɗaki masu kyau da arha, kujerarsu da ta fi kowacce suna ta sarki ce. Ina son kujerar, kyanta ba ya tsufa, shi Mies ɗin ma ya taɓa cewa kujera abu ne mai wuyar gaske har gini mai tsawo ya kusa fin ta sauƙi, kuma ka ga wahalar a jikinta. Amma a kira ta kujerar talaka, a'a, wannan ban yarda ba. Baje koli wuri ne na burge sarakuna da 'yan jarida, kuma abun da ya fi ɗaukar hoto shi yake shiga tarihi. Rumfar ma kanta a 1930 aka rushe ta, hotuna ne suka riƙe sunanta sama da shekara 50 har aka sake gina ta a wurin a 1986. Sarkin da aka yi wa kujerar kuwa a 1931 ya bar ƙasar, Sifen ta zama jamhuriya.

Sai maganar matan, wadda in na tsallake ta ban yi adalci ba. Lilly Reich ba 'yar rakiya ba ce, tun kafin ta haɗu da Mies ta yi suna a harkar tsara baje koli da yadi da kayan ɗaki, a 1920 ta zama mace ta farko a hukumar gudanarwar ƙungiyar masu zane da masu masana'antu ta Jamus, Deutscher Werkbund. Fitattun kujerun da ake jingina wa Mies duk a shekarun da suke aiki tare aka yi su. Shi ya tafi Amurka a 1938 ya zama babban mutum a Chicago, ita ta zauna a Jamus, ita ce ma ta tattara zane-zanensu aka ɓoye su lokacin yaƙi har suka tsira, ta rasu a 1947, aka yi shekaru ana sayar da kujerar da sunansa shi kaɗai. Haka Charlotte Perriand, tana 'yar shekara 24 ta je neman aiki wajen Le Corbusier a 1927 ya sallame ta da cewa su ba sa ɗinkin matashin kai a nan, sai da ya ga abun da ta baje na ƙarfe da gilashi a bikin Salon d'Automne na shekarar sannan ya dawo ya ɗauke ta. Ku tuna a 1925 kujerar kasuwa ya saya don ba shi da tasa. Bayan zuwanta ne aka samu doguwar kujerar kishingiɗa da manyan kujerun da kushin ke zaune cikin kejin ƙarfe, aka nuna su a Faris a 1929 da sunayen su uku, ita da shi da Jeanneret, amma da aka dawo da buga su a shekarun 1960 haruffan sunansa LC aka manna musu. Wannan abun yana min ciwo, don ko a nan mun san yadda aikin mace ke shigewa ƙarƙashin sunan maigida ko mai shago.

Wanda ya fara cewa ƙarfen nan fa yana da matsala shi ne Alvar Aalto na Finlan, shi da matarsa Aino wadda ita ma mai zanen gine-gine ce. Suna gina asibitin masu tarin fuka a Paimio, suka ga ƙarfe yana da sanyi a jikin marar lafiya, yana ƙyalli a ido, yana ƙara in an ja shi. Mu da muke ƙasar zafi mun san ɗaya gefen, ka bar kujerar ƙarfe a rana a watan Afrilu ka zo ka dafa ta ka ji. Sai suka koma katakon birch da ya cika dazukansu, suka manna shi falle-falle suka lanƙwasa, suka yi kujerar Paimio a 1932 wadda aka karkata bayanta don mai ciwon ƙirji ya samu sauƙin numfashi, da ɗan kututturen zama mai ƙafa 3 da ake ɗora wani kan wani. Suka kafa kamfanin Artek a 1935, kuma rumfunan Finlan da Aalto ya tsara a baje kolin Faris na 1937 da na New York a 1939 su suka ƙara fito da wannan salon katakon idon duniya. A wannan na 1937 ɗin rumfar Jamus ta riga ta zama wani dogon hasumiyar dutse da mikiya a kai, aikin Albert Speer mai yi wa Hitler zanen gine-gine, tana fuskantar ta Tarayyar Sobiyet. Shekara 8 kacal bayan Basalona. 'Yan Nazi sun matsa har Bauhaus ta rufe a 1933, malamanta suka watse, Gropius da Breuer suka bi ta Ingila suka ƙare a Amurka.

To in aka tambaye ni wacce ce ta cika alkawarin, ni dai ba zan nuna wadda aka ajiye gaban bangon onis ba. Zan nuna marar ƙafar bayan nan da ta fita daga hannun masu ita ta shiga hannun kowa, har ta iso bakin layinmu ana yi mata ɗurin yashi, da kuma lamba 14 da ta riga su duka. Ita har yau ana yin ta a masana'antar Thonet da ke Frankenberg a Jamus, sun canza mata lamba zuwa 214, kuma sandar bayan nan doguwa da ta zama ƙafafun baya da majingina a haɗe har yanzu mutane ne ke zaro ta daga tururi da zafinta, su kama bakin nan da bakin can su tanƙwara ta cikin mazubi kafin ta huce.